Ƙibar da Ta Ja wa Munkaila Zargi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris 1985, Allah Ya karɓi ran Munkaila, wanda a da ke riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar hatsin agaji, a unguwarmu, nan Matameye.

Munkaila, ni maƙwabcinka Iliyasu shaida ne cewa kai ke ɗora wa tsofaffin ƙauyen Kurni buhu a kan jaki da hannunka, har ka raka su bakin hanya. Amma damina ta ƙi, kowa ya rame, kai kuwa kullum sai ƙara cika kake, wuya ya yi kauri, fuska ta kumbura. Ga ka da bargo da tsakar rana, ana zafi, kana rawar ɗari. Mai makullin hatsi yana ƙiba a shekarar yunwa, me ake jira a ce? Wasu har cewa suka yi a ƙarƙashin bargon kake fitar da gero.

Ni ma ban tsira ba. Na aiki matata ɗibar wuta gidanka don ta leƙa tukunya. Ganyen tafasa da dusa ta tarar. Na ce ai ɓarawo ya san ranar da za a leƙo.

Sai aka kai wa soja takardar ƙara marar suna. Suka haƙe ɗakin matarka Habsatu, ba su sami ƙwaya ba, duk da haka suka ƙwace makullin a gaban 'ya'yanka. Da Faransanci aka rubuta takardar, masu iya wannan a unguwarmu ba su kai biyar ba, kuma ɗayansu ke riƙe da makullin yau.

Da ciwo ya kayar da kai aka kai ka Damagaram, likita ya ce wa Habsatu, "Akwai saƙon da maƙogwaro ke aikawa cikin jini, ya sa kitse ya ƙone ya ɗumama jiki. Nasa ya daina aikawa. Ko ruwa kawai yake sha, zai kumbura. Kun makara."

Ranar sadakar uku Habsatu ta aiko mini da takardar likitan, ta ce, "Malam Iliyasu, karanta musu da ƙarfi." Na karanta ina duban fuskoki, ina neman wanda zai sunkuyar da kai. Ni na fara sunkuyarwa, don kunya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Habsatu da 'ya'yanta haƙuri. Mu da muka ci namanka da ranka, ba mu nemi gafararka ba har ƙasa ta rufe ka, Allah Ya sassauta mana ranar da za mu tsaya a gabanka.