Ɗanmalam, wanda bai taɓa zare ƙwan fitila ba

Kullum da safe, masu shaguna na cikin ɗage ƙofofi a unguwar PZ, Ɗanmalam yake isowa daga Unguwar Gabas a kan tsohon babur ɗinsa. Yakan shimfiɗa buhu a gindin dalbejiyar da ke gaban rumfarsa, ya jera filaya da sukundireba da 'yar na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Gyaran wutar mota ce sana'arsa, abin da 'yan gareji ke kira rewaya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don idonsa ya fara kasa bambance jar waya da mai ruwan ƙasa, kuma ya ce ba zai yi lalube a motar mutane ba.

Yana da wata ɗabi'a mai ƙular da masu sauri. Duk motar da aka kawo, ba ya buɗe bonet sai ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli rabi ba tare da tada inji ba, ya zuba wa dashbod ido. A nan kowace fitila takan kama, ta nuna tana da rai. Shi wadda ba ta kama ba yake nema. Dalilin kuwa kowa ya sani a garin nan: fitila ta dami mai mota, sai a kai wa wani gwani ya zare ƙwanta ko ya liƙa mata baƙin salatif ta ciki, a rabu ana godiya, ciwon yana nan inda yake.

Iyke, mai sayar da kayan gyara a shagon da ke maƙwabtaka da shi, ya sha ba da labarin ranar da Edith ta zo. Malamar firamare ce a Samaru, ita ke tuƙa mijinta Japheth zuwa asibiti wankin ƙoda duk mako, a motar da suka saya a hannun wani. Fitilar inji ta fara ƙiftawa, motar tana karkarwa. Japheth yakan zauna a gaba ya ƙura wa fitilar ido har jininsa ya hau, yana cewa wata rana za ta tsaya da su a hanya layinsa ya wuce. Washegari kuma suna da zuwa.

"Baba, don Allah ka kashe mini ita kawai," in ji Edith. "Maigidana ba ya iya kallonta."

Ɗanmalam ya karɓi makulli. Ya shiga, ya ja birkin hannu, ya murɗa makulli rabi, ya daɗe yana kallo.

"Malama, mai ƙiftawar ba ta dame ni ba, ai magana take yi. Ina ta birki?"

Edith ba ta ma san motar tana da irin wannan fitila ba, don tun da suka saya ba ta taɓa ganinta ba. Ya duba man birki, ya tarar saura kaɗan ya ƙare. Ya kwanta ƙarƙashin motar, sai ga bututun man birkin yana tsatsafowa kusa da tayar baya. Da ya kwance dashbod, gurbin ƙwan fitilar birki babu komai. Ita kuwa mai ƙiftawar, na'ura ta nuna kwayil ɗaya, mai ba filogi wuta, ne ya ƙone, shi ke sa inji tuntuɓe. Ya canza shi, ya karɓo bututu wurin Iyke, ya sa sabon ƙwai a gurbin, ya gwada motar har Palladan yana taka birki cikin manyan motoci.

Edith ba ta tafi da fara'a ba. Ta yini a kan benci, kuma ta zo a kashe mata fitila ɗaya, ga shi an ƙara mata wata. Ɗanmalam bai tsaya rarrashi ba. Ya dai nuna mata yadda ake murɗa makulli a jira, ya ce ta gaya wa maigidan cewa in duk sun kama sannan suka mutu bayan inji ya tashi, motar ce da kanta ta ce lafiya lau.

Kai ne, Ɗanmalam, wanda aka sha yi wa fushi saboda ka ƙi rufe wa mota baki. Kai ne mai kwanciya a ƙasa don wani ya isa gida. Ba ka iya daɗin baki ba, wannan kowa ya shaida, amma ba a taɓa samun ƙwan da ka zare ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan lafiya. Masu rewaya na Sabon Gari da Samaru, ga hanya nan ya bar muku: in fitila ta kama, a bi waya har inda ciwon yake.

Japheth bai rasa layinsa na asibiti ba washegarin, kuma har yanzu Edith ce ke kai shi. Ta ce wani lokaci sauri yakan sa ta kai hannu za ta ja mota da zarar inji ya tashi, sai shi da a da ba ya son ganin fitila ya dafa hannunta.

"Dakata tukuna," yakan ce. "Bari ta birki ta mutu."