Mai Gadin Wuta-wuta

A Funtuwa aka haifi Chidiebere, a bayan shagon kayan babur na babansa, a nan kuma ya girma. Ka miƙa masa filogi ido rufe, zai gaya maka na wane babur ne. Amma masara, wallahi sai a gashe ya san ta.

Da kasuwa ta ja baya, shago ya koma wurin hira, sai Chidi ya duƙufa da addu'a, Ubangiji ya buɗe masa ƙofa. Ana nan sai ga Malam Bature na Maska, abokin cinikin babansa tun da daɗewa, ya ba shi aron gona.

"Damina ɗaya ce, ɗana. Ka riƙe ta da kyau, ka ci gaba. Ka ɓata ta, in karɓe abata."

A Lahadin nan Fasto ya yi wa'azi cewa duk ƙofar da Allah ya buɗe, za ka tarar da masu hamayya a bakinta, kada ka ja da baya. Chidi ya haɗiye maganar nan ɗungurungum, ya shuka masararsa, ya zauna jiran maƙiya.

Masara ta kai ƙugu, sai wani fure mai ruwan hoda ya ɓarke a gindinta, kunya bayan kunya, gwanin sha'awa. Chidi ya durƙusa ya yi godiya har da hawaye. Ya tsinko dami guda, matarsa Amaka ta jera a gaban bagadin coci. 'Yan kasuwar birni da ke cikin cocin suka yi ta tafi.

To, wuta-wuta ce! Ciyawar nan da ke kama saiwar masara ta tsotse ta tas, in kuma ta zubar da iri, gonakin maƙwabta ma sun shiga uku.

Ubaidullahi, mai gonar gefe, ya zo da safe ya hau tuge ta. Chidi ya taho a guje, hula na faɗuwa.

"Malam, lafiya? Me furena ya yi maka?"

"Furenka? Kai, wannan annoba ce!"

Chidi ya yi murmushi. Ga hamayyar da Fasto ya faɗa ta iso. Manoma suka zo su da yawa, suka yi lallashi, suka yi faɗa, wani har ya kawo ƙara wajen mai unguwa. Duk wanda ya ɗaga murya, Chidi sai ya ce, "Na yafe maka, ɗan'uwa," ya ƙara riƙe gorarsa. Ya kafa 'yar bukka a bakin gona, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, yana waƙar yabo, bai gusa ba. Masara kuwa tana ta ƙanƙancewa, ta yi rawaya, shi yana cewa gwaji ne.

Amaka ce ta gaji. Ta tugo fure ɗaya har da gindin masarar, ta kakkaɓe ƙasa, ta sa masa a hanci. Ya ga yadda saiwar ta manne kamar kaska. Ranar, shi ya bi manoma gida gida yana ba da haƙuri, suka taru suka tuge suka ƙone, suna yi suna dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya girba bai cika bayan babur ba. Ya ɗaure shi haka a ɗan buhu, ya nufi gidan Malam Bature, zuciyarsa a karye, don ya san gona ta tafi.

"Baba, na ɓata. Ga abarka."

Tsohon ya dubi ɗan buhun, ya dubi fuskar da rana ta ƙona, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"'Ya'yana na cikina, ko masarar ba su tsare haka ba. Baɗi ka dawo, ɗana. Amma ni zan nuna maka abin da za ka tsare."

Chidi ya zauna daɓas a ƙasa, ya fashe da kuka.