Kaurin Biskit ɗin Iya Sikira

"Hajiya, kunnenki ne ke ciwo?"

Jikata ce ta tambaye ni ɗazu, muna murza kwaɓin biskit. Ashe na kama kunnena ban sani ba. Na yi dariya har da ƙwalla.

A Fagge na tashi, tun Turawa ba su tafi ba. Maƙwabciyarmu Iya Sikira, Bayarabiya, ita ke yi wa unguwa biskit ɗin suna. Da kwalba take murzawa, ta yanka da bakin gwangwanin madara, ta danna fure da gindin makulli, ta gasa a tukunyar yashi.

Da yayata ta haihu, na ce ni zan yi. Zubin farko ya yi siriri, ya ƙone ƙurmus. Na biyu na yi shi da kauri, ya kumbura ya haɗiye furen. Ga baƙi sun fara sallama! Na shiga gidan Iya ina kuka.

"Iya, wai kaurin nan yaya yake?"

Ko kwaɓin ba ta kalla ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a ƙasan kunnena, inda ake saka ɗan kunne.

"Matsa nan, 'yata. Kin ji? Haka za ki bar shi. Wannan ma'aunin ba mai aronsa ya ƙi dawo da shi."

Zubi na uku, kowane fure ya fito raɗau.

Allah ya jiƙan Iya. Yau ga jikata riƙe da nata kunnen.

Ku fa, wa ya koya muku abin da hannunku ya ƙi mantawa?