Karkatattun Zobban Kawu Iro

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Kawu Iro a Tasawa ya san ba ya auna yatsa da zare kamar sauran maƙera. Wuyan hannunka zai kama, ya ƙura maka ido har ka fara zufa, sannan ya ce, "Mi ke cin ranka?" In ka ce ba komai, sai ya sake ka. "To tafi kasuwa, zoben masu ba-komai na can tuli!"

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi. Kun san abin da ya same shi a hanyar Libiya yana saurayi: kamyonsu, babbar motar kaya, ya mutu cikin rairayi, da yawa suka tafi, kaɗan suka dawo. Bai taɓa ba mu labarin da baki ba, ƙarfe yake gaya wa. Munduwa biyu gare shi. Ranar da ya saka ta sanholo, a yi wasa da shi. Ranar da ya fito da ta baƙin ƙarfe mai tsaga-tsaga, wallahi ko kaza ba ta kuka a gidan.

Wani mai shago ya kawo azurfa, ya dawo ya tarar da zobe a murɗe.

"Iro, wannan ai karkatacce ne!"

"Miƙaƙƙe na fara, sai ka ɗauko zancen ƙanenka da ba ku gaisawa."

Mutumin ya saka abinsa ya tafi.

Ranar kasuwar Kona kuwa, da muka je can ƙauyen muka kafa rumfa, kai! Wani kamyo ya ƙi tashi, injin na ta tari. Kawu ya sandare, idanu jajir, ya miƙe da guduma a hannu. Mutane suka dare. Matarsa Inna Hajo na binsa tana cewa, "Malam, ajiye gudumar, don Allah ajiye." Bai ji ta ba. Ya tsaya gaban direba.

"Ina ruwanka?"

"Ba ruwana, Baba, wallahi ba ruwana!"

"Ruwan sha, sakarai! Ina bidonka?"

"Baba, nan Tasawa za mu, ai kusa ne."

"Mu ma kusa muka ce."

Bai matsa ba sai da aka cika jarkoki aka ɗaure. Sannan muka koma rumfa.

Da jaririna ya rasu, na daina magana. Mijina ya kai ni likita, aka ba ni ƙwaya, na samu barci, amma baki bai buɗe ba. Kawu ya zo, bai ce in yi haƙuri ba, awarwaro ya zura mini mai 'yan kacau-kacau. "In abin ya taso, ki girgiza. Ba sai kin faɗa ba."

Na kuwa riƙa girgizawa. Rannan mijina ya je ya kai ƙara: "Kawu, wannan abin ya hana ni sukuni."

"Madalla! Kai na ƙera wa, ba ita ba. Ka je ka zauna kusa da matarka."

Ya zo ya zauna. A kunnensa na fara magana.

Zazzaɓi ya ɗauke Kawu da damina, cikin sauƙi, Inna Hajo na riƙe da kansa. Ya Allah, bawanka ya daɗe da nauyi a ƙirji. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka bar shi ya huta. Amin.