Farin Ƙarfe da Ƙwaryar Nono

A zauren gidanmu na Birnin Konni mahaifina yake walda. Can Malbaza ya koyi sana'ar tun yana saurayi, ya dawo gida da injin walda ɗaya da tabarau mai baƙin gilashi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata.

Ƙarfe iri biyu ake kawo masa. Akwai mai tsatsa, ragowar tsofaffin motoci da ƙyamaren da damina ta ci. Wannan Baba ba ya yi masa wasa. Sai ya bi shi da buroshin waya da magagari har jan ya kau, don ya ce walda ba ta kama tsatsa. Akwai kuma farin bututu na rijiya da famfo, mai shafin da ke hana shi tsatsa, wanda suke kira galba. Shi wannan yana sheƙi tun daga isowarsa, saboda haka ba mai goge shi. Ana ɗora masa wuta sai ya tashi da farin hayaƙi, wani abu kamar auduga ya riƙa yawo cikin zaure. Ina ƙarama nakan miƙa hannu in tare shi, ina ganin ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba.

Masu walda na garinmu sun yarda nono ne maganin wannan hayaƙi. Duk ranar farin ƙarfe, ni ake aika wurin Bafulatanar da ke zama bakin titi in cika ƙwarya. Baba ya shanye, ya share gemu, ya kama aiki.

A dogon hutun da na yi bayan na shiga lise, babbar sakandare, na fara lura. Ba ni da aiki sai zama bakin zaure da littafi a cinya, ina kallo. Ranar mai tsatsa, Baba yakan ci tuwonsa har ya nemi ƙari. Ranar farin ƙarfe kuwa, kafin isha yana rawar ɗari, yana tari, yana cewa bakinsa ɗanɗanon kwabo yake yi. Inna ta ɗauko bargo cikin tsananin zafi ta lulluɓe shi. Da safe ya miƙe ya ce zazzaɓi ne na sauro. Amma tarin kullum ƙara zama yake a ƙirjinsa.

Wata safiya wani dattijo daga Bazaga ya sauke fararen bututu a ƙofarmu, yana son a haɗa masa amalanken jaki kafin a fara kwasar gero. Baba ya miƙo mini ƙwarya.

Na karɓa, na kife ta a kan benci. Na ɗauki magagari na je na zauna a kan bututun.

"Uwata, nonon fa?"

"Ba ni zuwa, Baba."

Ban taɓa faɗa masa haka ba.

"Mi kika ce?"

"Shafin nan ne yake kwantar da ku. Wanda kuke gogewa bai taɓa sa ku rawar ɗari ba. Ku bari in kankare bakin kowane bututu, inda wuta za ta taɓa."

"Ƙarfe mai tsabta za ki goge? Tashi ki ba mutane wuri."

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe kana da shef mai ba da oda a gida. Wannan ko jandarma sai ya nuna mata takarda."

Inna ta leƙo daga tsakar gida da muciya a hannu. "Ke, tashi. Hannun da ke riƙon alƙalami ne za ki kai ga ƙarfe? Mutane na wucewa suna kallonki."

"Su kalla, Inna. Ba su ne ke ɗauko bargo ba."

Ta tsaya ta dube ni, ta dubi Baba, ta koma ciki.

Baba ya ce zai ɗauke ni da bututun gaba ɗaya ya ajiye a titi. Na ce to. Na sa magagari a bakin na farko na fara turawa. Ban iya ba, yana ta zamewa yana kuka. Ya tsaya a kaina yana huci. Can dai ya kasa jure ganin ana wulaƙanta kayan aikinsa.

"Ba haka ake riƙe shi ba. Gaba ake turawa, ba a ja da baya."

Ya gyara mini yatsu, ya koma gefe ya zauna kamar ba shi ya yi ba.

Farin shafin ya riƙa zuba a kan zanena kamar garin azurfa. Ƙarƙashinsa ƙarfen ya fito da wani launi mai duhu, mara ado. Na bi bakin kowane bututu kamar faɗin yatsu uku. Tafin hannuna ya yi bororo, ɗaya ya fashe. Dattijon ya gaji da zolaya, ya kama mini ɗaya bakin don kada ya juya. Sai bayan azahar na gama.

Na ce kuma ba cikin zaure za a yi ba, a fito da injin gindin itacen dogon yaro inda iska ke wucewa. Baba ya ce, "Yau dai uwata ta tashi daga kabari." Amma ya ja wayar ya fito.

Hayaƙi ya tashi, ɗan kaɗan, iska ta tafi da shi. Audugar nan da nake so ban gan ta ba.

Da yamma ya aiki kansa wurin Bafulatana, ya sha nononsa a gabana yana kallona ta saman ƙwarya. Ya ci tuwo. Inna ta ajiye bargo kusa da tabarmarsa, bargon ya kwana a naɗe ba a buɗe shi ba.

Bai taɓa cewa ina da gaskiya ba. Har ya bar sana'a yana gaya wa abokansa nono ne ke riƙe da shi, kuma tarin bai rabu da shi duka ba. Sai dai bayan kwana kaɗan na fito da safe na tarar da fararen bututu jingine a bango, an zana wa bakin kowanne layi da alli. Magagari na kan benci, an naɗe masa mariƙi da tsumma.