Man Shanu a Ƙofar Ɗakin Iska

Tsohuwar tana tsaye a ƙofar ɗakin da ake ƙara wa majinyata iskar numfashi, takunkumi ya zame mata ƙasan haɓa. Daga Horo Birni take, riƙe da ɗan gwangwanin man shanu. Mijinta na ciki, korona ta danne masa ƙirji. Ga alama tun aurensu ita ke shafe masa faso.

"Inna, ba a shiga," in ji ma'aikacin, yana fesa mata magani a hannu. "Mai kau, in ya gamu da iskar ga, wuta shika kamawa."

"To ɗana, wa ka taɓa shi?"

Allah Sarki. Tana zaune yanzu gindin bango, man yana narkewa a cinyarta.