Gwangwanin Shayin Fusae

Fusae ba ta taɓa zubar da ko ƙwayar shinkafa ba. A yunwar bayan yaƙi ta tashi, a ƙauyen manoman lemu, inda uwarta ke cewa wanda ya rage shinkafa a kwano sai ya makance. Ta kai tamanin tana wanke leda tana shanyawa.

Mijinta Shigeharu ya shekara ashirin da hawan jini. Kullum da safe takan ajiye masa jar ƙwaya ɗaya gefen shayinsa. In ya wuce gona bai sha ba, sai ta jefa ta a wani tsohon gwangwanin shayi, har ya kusa cika.

Wata rana matar kantin magani ta miƙo mata fararen ƙwayoyi.

"Kaka, na dā ne dai, kamfanin ne daban, kuma ya fi araha. Kin gane ko?"

Kunnen Fusae ya yi nauyi, amma ina ita ina sa mai aiki ta maimaita magana, ga mutane a layi? Ta rusuna ta yi godiya. A zatonta ƙari likita ya yi masa. Jajayen da ba a ba ta ba kuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama, ga na gwangwani, sai ta riƙa haɗa masa ja da fara.

"Tsohuwa, yau kuma biyu?" in ji Shigeharu.

"Sha ka yi shiru. Kai da ko sunan jikokinka sai na tuna maka."

"Kaina fa na juyawa kwanan nan."

"Tsufa ne, ka ɗauka yaro ne kai?"

A rana ta goma ya hau tsani zai tsinki lemu, jiri ya kwashe shi, ƙugu ya karye. Bai sake taka gonar ba.

A asibiti likita ya jera ja da fara a tafin hannunsa, ya ce mata magani ɗaya ne, ninki ta yi ta ba shi. Da ta ce "maimaita mini" a kantin nan, da shi ke nan. Wannan na cin ta har yau.

Ranar da aka sallame shi ta juye gwangwanin a kwandon shara. Shigeharu na kallonta daga keken guragu.

"Tsohuwa, ke ce da zubar da abu? Za ki makance fa."

So yake ta yi dariya. Ta juya masa baya, ta daɗe tana wanke gwangwanin.